Yadda birkin tirela ke aiki, da abin da ke faruwa kafin a ce "ya ƙwace"

Sau da yawa idan aka samu haɗarin babbar mota a hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi zuwa Gusau, ko wadda ta zarce ta Bunguɗu da Talatar Mafara ta nufi Sakkwato, bayanin da ake bayarwa ba ya wuce jimla guda: birki ne ya ƙwace wa direba. Daga nan sai a yi jaje, a kwashe abin da ya rage na kaya, a janye motar gefe. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi wane ɓangare na birkin ne ya gaza ba, ko tun yaushe ya fara nuna alama.

Tambayar kuwa ta shafi mutane da dama. Ɗan kasuwar da ya yi lodin masara ko waken suya daga Gusau zuwa Kudu, dukiyarsa tana bisa wannan birki. Ma'aikacin gwamnatin da zai je Kaduna ko Abuja a ƙaramar motarsa yakan shafe sa'o'i a tsakanin tankokin mai da tirelolin siminti. Ga kuma ƙananan abubuwan ja da ake gani a cikin gari, irin su janareta mai tayoyi, da tankin ruwa da ake ɗaura wa akori-kura, da bodin tarakta, waɗanda da yawansu ba su da birki sam.

Nauyin da ke baya

Wanda ya taɓa ganin amalanken shanu maƙare da buhunan dawa yana gangarawa mashigar rafi ya riga ya ga tushen matsalar. A kan hawa, shanu ke jan amalanke. Da zarar an fuskanci gangara sai lamarin ya juya, amalanke ya koma tura shanu, mai kora ya dira yana riƙe su da ƙyar. Haka yake ga mota. Duk lokacin da direba ya taka birki, abin da yake ja yana nan da gudunsa, kuma zai ci gaba da turo motar har sai an sami abin da ya tsayar da shi.

Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi ta hanyar guga. Tirela mai nauyin tan 40 da ke tafiyar kilomita 60 a sa'a, idan ta tsaya cak sau ɗaya, zafin da birkinta zai fitar ya isa ya tafasa ruwa kimanin lita 19, wato kusan jarka guda. Idan gudun ya kai kilomita 80, zafin ya isa tafasa lita 34. Ƙarin kilomita 20 kawai ya kusa ninka aikin, domin ƙarfin gudu ba ya ƙaruwa daidai da gudun: idan an ninka gudu sau biyu, aikin da ke kan birki ya ninka sau huɗu.

Kan tirela shi kaɗai bai cika wuce tan 8 ko 9 ba, alhali abin da ke bayansa na iya haura tan 30. Idan kan ne kawai ya riƙe, bodin zai turo shi, tayoyinsa na baya su zame, motar ta lanƙwashe a mahaɗa kamar gwiwar hannu ta gilma hanya. Saboda haka dole abin da ake ja ya kasance da birkin kansa. Sai dai ƙafar direba tana gaba, tayoyin bodi suna can baya, kuma ana kwance su a sake haɗa su kullum. Ta yaya saƙo zai isa baya cewa an taka birki? Injiniyoyi sun amsa wannan ta hanyoyi uku: turi, lantarki da iska.

Birkin turi

Wannan shi ne mafi sauƙin ƙira, kuma dabararsa tana da ban sha'awa, domin turin nan da ke jawo matsala shi aka mayar ya zama mai taka birki. A bakin dogon ƙarfen da ke haɗa ƙaramar tirela da ƙugiyar mota ana yin wani ɓangare mai zamewa ciki da waje, kamar famfon ba taya iska. A bayansa akwai silinda mai man birki, irin wadda kanikawa ke kira masta a ƙananan motoci. Idan mota ta rage gudu, tirela ta turo, sai wannan ɓangare ya shige ciki da 'yan santimitoci, ya danna fistin, man ya bi bututu zuwa tayoyi ya matse birki. Ƙa'idar da ke aiki a nan ita ce wadda Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa kowane lungu daidai wa daida. A Turai an fi amfani da sandar ƙarfe da igiyar waya a maimakon mai, amma tunanin ɗaya ne.

Birkin yana daidaita kansa. Gwargwadon ƙarfin turi, gwargwadon kamu. Da tirela ta rage gudu ta yi daidai da mota, turin ya ragu, birki ya sassauta. Ana sa masa 'yar shokozoba a ciki don kada ya riƙa kamawa yana saki da fizga. Ba ya buƙatar komai daga motar da ke ja in ban da ƙugiya, shi ya sa kamfanonin haya a Amurka ke sa shi a manyan tirelolinsu na kwashe kaya, masu jan kwale-kwale kuma ke son sa domin shiga ruwa ba ta hana shi aiki.

Rauninsa ma daga turin ya fito. Idan direba zai yi baya, motar ce ke tura tirela, birki kuwa ba ya bambance wannan turi da wancan, sai ya kama. Don haka ake masa makulli da ake sakawa da hannu, ko bawul da ke aiki da wutar fitilar ribas, ko wata ƙira a cikin taya mai sakin birki idan taya ta juya baya. Mai mantuwa da ya bar makullin a ciki ya hau titi, to ba shi da birkin tirela ko kaɗan. Idan aka tsaya a kan hawa kuma, tirela ja take yi da baya, babu turi, duk nauyin ya koma kan birkin mota. A doguwar gangara akasin haka ne: tana ta turi ba hutu, birki yana ta guga har ya yi zafi. Man birki nau'in DOT 3 yana tafasa ne a maki 205 na ma'aunin Salshiyos yana sabo, amma idan ya tsotsi danshi yakan sauko kusan 140, kuma man da ya tafasa ya zama tururi ba ya danna komai.

Waɗannan dalilai suka sa aka yi masa iyaka. A ƙasashen Tarayyar Turai tirelar da ba ta wuce kilo 750 ba an yarda ta yi tafiya ba birki. Daga nan zuwa kilo 3,500 an yarda da birkin turi. Abin da ya haura haka dole ya kasance da birkin da direba ke sarrafawa kai tsaye. Ana kuma ɗaura wata siririyar igiyar ƙarfe daga birkin zuwa jikin mota, ta yadda idan tirela ta ɓalle igiyar za ta fizgi birki ya kama.

Birkin lantarki

A nan waya ce ke kai saƙo. Ana sa wani ɗan akwati kusa da direba wanda ke sanin lokacin da aka taka birki, sai ya aika wutar batir mai bolt 12 ta cikin soket mai baki bakwai zuwa tayoyin tirela. Wannan tsari ya fi yawa a Amurka da Kanada da Ostareliya, inda mutane ke jan ɗakunan kwana masu tayoyi da kejin dawakai da motocinsu na gida. Wasu manyan akori-kura da ake shigowa da su daga Amurka sukan zo da soket ɗin a bayansu, masu su ba su san amfaninsa ba.

Abin da ke faruwa a cikin taya ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutum zai zaci wutar ce ke matse birki, alhali wutar kaɗan ce, kimanin amfiya 3 ga kowace taya. A cikin gangar birki, wadda kanikawa ke kira duram, akwai maganaɗisun lantarki da bai fi tafin hannun yaro ba, rataye a bakin wani lanƙwasasshen hannun ƙarfe. Idan wuta ta shiga, maganaɗisun ya manne da fuskar gangar da ke juyawa. Gangar tana ƙoƙarin tafiya da shi, sai ta ja hannun ƙarfen, shi kuma ya buɗe layinin birki biyu su danne cikin gangar. Ashe juyawar tayar ce ke ba da ƙarfin, wutar umarni kawai take bayarwa. Idan aka ƙara wuta maganaɗisu ya ƙara mannewa, kamu ya ƙaru. Wannan ne kuma ya sa birkin lantarki ba ya riƙe tirelar da aka ajiye, sai an sa mata weji.

Akwatin sarrafawar iri biyu ne. Mai araha yana ƙara wuta a hankali cikin 'yan daƙiƙoƙi bisa saitin da aka yi masa, ba ruwansa da ko an taka birki da ƙarfi ko a sannu. Mai tsada yana da na'urar auna yadda motar ke rage gudu, sai ya aika wuta daidai da haka, mota da tirela su tsaya tare. Dukansu suna da maɓallin ƙara ko rage ƙarfi, kuma wajibi ne direba ya sauya shi idan lodi ya sauya. Saitin da ya dace da tirela cike zai kulle tayoyinta idan ba komai a ciki.

Babban fifikonsa a kan birkin turi shi ne direba na iya kama birkin tirela shi kaɗai da yatsa. Idan tirela ta fara lilo hagu da dama a kan gudu, taka birkin mota na iya ƙara dagula lamarin, amma kama na baya kaɗai yana miƙar da su kamar an ja igiya. Yana kuma aiki a hawa da ribas. Ana sa wa tirelar ƙaramin batir nata da fulogin da ke zarewa idan ta ɓalle, kuma dokar Amurka ta ce dole wannan birkin gaggawa ya riƙe aƙalla minti 15.

Amma duk wannan yana rataye ne a kan waya. Soket da ƙura ta cika, ko wayar da ta goge a jikin ƙarfe, ko mahaɗin da ya yi tsatsa, kowanne ya isa ya kashe birkin shiru ba tare da wata ƙara ba. A ƙasar da ake fama da ƙurar hunturu da ramuka, kuma kayan gyaransa ba su cika kasuwa ba, birkin turi ya fi dacewa da ƙananan tireloli, duk da rauninsa.

Wannan batu ya kamata ya dami masu sayen kaya a ma'aikatu da 'yan kwangila. Tankin ruwa mai lita 2,000 yana ɗauke da tan 2 na ruwa kafin a lissafa ƙarfensa, wato ya kai nauyin Toyota Hilux da ke jansa. Kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade kilo 750 ne ga abin da za ta ja idan ba shi da birki. Mai walda da ya ɗora tanki a kan gatarin tsohuwar mota ya yi aikin da aka ba shi. Wanda ya rubuta takardar odar ne bai ambaci birki ba. Ruwan ma ba ya zama wuri ɗaya: idan tankin bai cika ba, kuma ba a yi masa shamaki a ciki ba, da an taka birki sai ya taru ya bugi gaba, ya ƙara tura motar bayan direba ya zaci ya tsaya.

Birkin iska, na manyan motoci

Tirelolin siminti da na hatsi da na shanu da tankokin mai da ke bin hanyar Gusau, ko DAF ne ko MAN ko Mack ko Howo, ba turi ba lantarki, da iska suke tsayawa. Asalin dabarar daga jirgin ƙasa ne. George Westinghouse na Amurka ya yi rajistar birkin iska a 1869, sannan a 1872 ya gyara shi ta yadda idan tarago ya ɓalle birki zai kama da kansa. Daga baya aka ɗauko tunanin zuwa manyan motoci.

Injin motar yana juya kwamfuresa, ita kuma tana cusa iska a tankuna har matsin ya kai tsakanin 100 zuwa 125 a ma'aunin psi, ko kimanin ba 7 zuwa 8 da rabi a agogon motocin Turai. Abin da direba ke takawa bawul ne kawai mai buɗe wa iska hanya. A kowace taya akwai 'yar tukunyar ƙarfe mai faifan roba a ciki. Iska ta shiga ta tura faifan, faifan ya tura sanda, sandar ta juya wani ƙarfe mai siffar harafin S, shi kuma ya buɗe layinin birki su danne ganga. Tukunya guda na iya tura sandarta da ƙarfin da ya haura tan ɗaya. Idan direba ya ɗaga ƙafa iskar ta fice, wannan ce ƙarar "tsss" da ake ji a tasha.

Tiyo biyu ne ke haɗa kai da bodi, ana ganinsu a murɗe a bayan ɗakin direba. Ja shi ne mai cika tankin iskar da ke ƙarƙashin bodi. Ɗayan, ruwan ɗorawa a motocin Turai ko shuɗi a na Amurka, shi ke kai umarni: iskar da ta bi ta cikinsa tana buɗe bawul ɗin da ke bodi, sai iskar tankin bodin ta shiga tukwane. Duk da wannan dabara akwai jinkiri na kusan rabin daƙiƙa kafin birki ya kama sosai. A gudun kilomita 80 wannan jinkiri mita 11 ne, ban da lokacin da direba zai ɗauka kafin ya kai ƙafarsa. Mai ƙaramar motar da ya wuce tirela ya faɗa gabanta ya taka birki saboda rami, wannan tazarar ce ya cinye.

Akwai wani ɓangare da yawancin mutane ba su sani ba. A tayoyin baya tukwanen biyu ne a haɗe, kuma a cikin ta biyu akwai ƙaton sifirin da kullum yake son ya matse birki. Iska ce ke danne shi don mota ta samu tafiya. Idan direba ya ja birkin ajiya, sakin wannan iskar yake yi. Idan tiyo ya fashe a hanya, fitila da ƙararrawa za su yi gargaɗi da matsi ya sauko kusan 60, sannan tsakanin 45 zuwa 20 sifirin ya ƙwace ya kama tayoyi. Wato an ƙera motar ne ta yadda ƙarewar iska za ta tsayar da ita. Shi ya sa da safe direba ke barin inji yana aiki na ɗan lokaci kafin ya motsa: sai iska ta taru birki ke saki.

To me ke sa ya ƙwace?

Idan haka tsarin yake, ta yaya mota ke zubowa cikin kasuwa ba birki? Amsar farko ita ce saiti. Layini yana cinyewa da amfani, tazararsa da ganga tana ƙaruwa, sandar tukunya kuma tafiyarta ƙayyadajjiya ce. A nau'in da ya fi yawa, idan sandar tana fita fiye da santimita 5 kafin birki ya kama, ta kusa ƙurewa. Sabbin motoci suna da abin da ke gyara wannan tazara da kansa, tsofaffi sai bakanike ya ɗaure da sifana. Motar da saitinta ya sake za ta tsaya lafiya a cikin gari tana tafiya a hankali, direba ya ɗauka komai daidai ne. Sifirin gaggawar ma ta wannan sandar yake bi, don haka idan ta ƙure shi ma bai da abin yi.

Sai zafi ya zo ya ƙarasa. Ganga idan ta yi zafi buɗewa take yi, ta ƙara nisa da layini, layinin kuma ya rage kamu ya fara wari. Tirela mai tan 40 da ta sauko gangara mai zurfin mita 50 kacal, idan da birki kaɗai aka riƙe ta, ta ba shi aikin da ya kai tsayawa cak sau uku da rabi daga gudun kilomita 60. Wannan ne ya sa Hawan Kibo, a hanyar Akwanga zuwa Jos, ya yi ƙaurin suna a wurin direbobi. Maganinsa shi ne a shiga ƙaramar giya tun kafin gangara, a bar inji ya riƙe motar, a kuma yi amfani da birkin inji, irin wanda Clessie Cummins ya ƙirƙira kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961, mai ƙarar nan kamar ɓarin duwatsu. Direban da ya saki mota a firi don tsimin gas ya yi asara biyu: inji bai riƙe komai ba, kwamfuresa kuma tana juyawa a hankali a daidai lokacin da ake zubar da iska.

Hanyar Zamfara ba ta da gangara irin ta Filato, amma tana da nata abubuwan da ke dafa birki. Shingayen jami'an tsaro, da ramuka, da tudun rage gudu, da garuruwan da kasuwarsu ta hau titi, kowanne tsayawa ce da tashi, a yanayin da zafin Maris da Afrilu ke kaiwa maki 40. Fargabar 'yan bindiga a tsakanin Funtuwa da Tsafe zuwa Gusau ta ƙara wani abu: direbobi suna son su wuce dazuzzuka da sauri, kuma suna bin juna kusa da kusa don kada a bar mutum shi kaɗai. Ba za a ga laifin mai tsoro ba, sai dai ganga ba ta san dalili ba. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, kuma tun ranar 1 ga Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya.

Sannan akwai gyaran bakin hanya. Tukunya ta fashe a daji, ba sabuwa a kusa, sai a toshe tiyon da ke kai mata iska don motar ta isa gari. Birki ya kama ya ƙi saki, sai a ɗaure sifirin da dogon kusa a janye shi. Duka biyun dabarun fita daga daji ne, kuma a wurin da tsayuwar dare ke iya zama ajali babu mai cewa kada a yi. Ɓarnar tana zuwa ne idan an isa gari, aka sauke kaya, aka sami wani lodi, ba a koma kan gyaran ba. Kowace tayar da aka cire daga aiki, rabonta na zafi ya koma kan sauran. Ruwa ma yana taruwa a tankunan iska, musamman da damina, ya gauraya da man da kwamfuresa ke fesowa ya toshe bawul, alhali zubar da shi bai wuce jan 'yar zobe a ƙarƙashin tanki ba.

Lodi shi ne inda ɗan kasuwa ke da hannu kai tsaye. Ƙa'idar ƙungiyar ECOWAS ta ƙayyade tan 11 da rabi ga gatari guda, kuma an auna girman birki ne bisa nauyin da aka ƙera motar ta ɗauka. Buhu 100 na ƙari, mai kilo 100 kowanne, tan 10 ne. A kan motar da ya kamata ta tsaya a tan 40, wannan ƙarin kashi ɗaya ne cikin huɗu na zafin da birki zai sha a kowace tsayawa, tun daga Gusau har Legas. Kuɗin motar da aka rage ta hanyar cusa kayan mota ɗaya da rabi a mota ɗaya, a nan ake biyansa. Abin ya fi muni idan an ɗora mutane a saman kaya ko dabbobi, al'adar da FRSC ta sha yin gargaɗi a kanta.

Mai kaya ba sai ya zama bakanike ba kafin ya ga wasu alamu a wurin lodi. Tiyo biyun nan su kasance a haɗe, ba wanda aka naɗe aka ɗaure da roba. Idan an kashe inji, kada a ji iska tana tsiyaya a ƙarƙashin bodi. Bayan tafiya, gangar da ta yi sanyi alhali sauran sun yi zafi ba ta aiki, wadda ta fi sauran zafi sosai kuma tana guga. Gwajin da ake koya wa masu neman lasin babbar mota a Amurka ba ya cin minti biyar: a cika tankuna, a sa weji, a kashe inji, a saki birkin ajiya, a taka birki a riƙe na minti ɗaya ana kallon agogo. A motar da ke haɗe da bodi, allurar kada ta sauka fiye da 4 a ma'aunin psi. Daga nan a riƙa takawa ana saki har ƙararrawa ta yi kuka, a ci gaba har sifirin ya kama da kansa. Idan allura ta kai ƙasa ba a ji ƙararrawa ba, ko motar tana iya motsawa bayan iskar ta ƙare, akwai aiki a gaban bakanike kafin a ɗora buhun farko.